Yadda Ake Ceto Karen Pug, a Sama Masa Gida, a Tara Kuɗin Jinyarsa

Karen pug ɗan ƙarami ne. In yana da lafiya nauyinsa bai wuce kilo shida zuwa takwas ba, ga shafaffiyar fuska mai tattara, ga manyan idanu a waje, ga wutsiya a nannaɗe bisa ƙugu. Waɗannan siffofi ne suka sa Turawa suka yi ta rububinsa, kuma su ne dai suke kai shi asibiti. Duk mai niyyar shiga aikin ceton irin wannan kare ya fara sanin cewa dabbar da zai karɓa an haife ta ne da hanyar numfashi a matse, don haka kuɗin likita na biye da ita tun ranar farko. Tausayi ne ke jawo mutum cikin aikin, amma wanda bai yi lissafi ba a tsakiyar hanya yake ajiye shi, karen kuma ya sake komawa hannun wani.

Asalinsa ƙasar Sin ce. 'Yan kasuwar Holan ne suka kawo shi Turai a ƙarni na 16, gidan sarautar Orange ya karɓe shi, daga can ya ƙetara Ingila, inda daga baya Sarauniya Victoria ta riƙa kiwonsa. Sai dai pug na wancan zamani ba shi ne na yau ba. A zanen da William Hogarth ya yi wa kansa a 1745, karensa yana zaune a gefe da dogayen ƙafafu da hanci wanda ya fito sosai. Masu kiwo ne suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci suna haɗa su barbara, tsara bayan tsara, har fuskar ta shafe. Ƙashin ya gajarce, naman ciki kuwa bai ragu ba. Harshe da ganɗa da haƙora duk suna nan da girmansu, kamar a kwashe jeren ɗakin amarya gaba ɗaya a cusa shi a ɗan ƙaramin shago. Ƙofofin hanci suka tsuke, naman ganɗa ya zubo kan maƙogwaro. Minsharin nan da mutane ke ɗauka a waya suna dariya, ƙarar dabba ce mai kokawar shaƙar iska.

A Birtaniya, yawan pug da ake yi wa rajista a ƙungiyar karnuka ta Kennel Club ya ninka sau biyar tsakanin 2005 da 2017, lokacin da tallace-tallace da shafukan sada zumunta suka cika da hotonsa. A 2022 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta fitar da binciken da ya kwatanta shi da sauran karnuka: ya fi su haɗarin cutar toshewar hanyar numfashi sau 54, gyambon ido sau 13, kumburin tattarar fata sau 11, kuma kusan ɗaya cikin shida an same shi da ƙiba. Mutane da yawa sun saya ba su san da wannan ba. Ranar da likita ya faɗa musu kuɗin tiyata, ranar ce suke fara neman wanda zai karɓa.

Ba su kaɗai ba ne. Akwai tsohuwar da ta rasu ta bar karenta, akwai wanda mai gidan haya ya hana shi ajiye dabba, akwai auren da ya mutu, akwai kuma karyar da mai kiwo ya gama tatsar 'ya'yanta ya ga ta daina kawo kuɗi. Masu karɓa a Birtaniya sun haɗa da manyan ƙungiyoyi irin su Dogs Trust da RSPCA da Battersea, da kuma Pug Dog Welfare and Rescue Association, wadda aikinta pug ne kaɗai, kuma take dogara da 'yan sa-kai masu riƙon karnukan a gidajensu. A Amurka ma jihohi da yawa suna da ƙananan ƙungiyoyi masu irin wannan tsari. Wanda bai taɓa yin aikin ba, ya fara shiga ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu kafin ya yi tunanin kafa tasa.

Karɓar kare

Babban kuskuren sabon shiga shi ne sayen kare don ya cece shi. Zai ga talla a intanet, ya je ya tarar da 'yan kwikwiyo cikin ƙazanta, idanu duk kwantsa, zuciyarsa ta karye, ya zaro kuɗi. Ya ceci guda ɗaya, gaskiya ne. Amma ya biya mai gidan kuɗin da zai sake haɗa uwar barbara, kuma ya nuna masa cewa rashin kula ba ya hana ciniki. Abin yi shi ne a fita, a ajiye hoton tallan da adireshin, a kai rahoto ga ƙaramar hukuma ko RSPCA. Doka na bayan mai rahoto: tun Afrilun 2020 an haramta wa dillalai da shaguna a Ingila sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya kiwata shi ko a karɓa daga wurin ceto. Mai fitar da haihuwa uku ko fiye a shekara kuma dole ya mallaki lasisi, ya sa lambarsa a jikin talla. Na san barin kwikwiyo a irin wannan wuri yana da ciwo. Duk da haka barin ya fi.

Idan mai kare ne da kansa ya kira ya ce ba zai iya ba, kada a yi masa wa'azi. Mutumin da aka kunyata ba zai sake kiran ƙungiya ba, zai sa karen a kasuwar intanet ne, inda masu kiwo ke farautar karya mai arha da ba a cire wa mahaifa ba. A saurare shi, a kuma tambaye shi ko taimako na ɗan lokaci zai wadatar, kamar riƙon wata biyu har ya fito daga asibiti ko biyan wani ɓangare na kuɗin magani. Wani lokaci gida mafi dacewa da karen shi ne wanda yake ciki.

In dai rabuwar ta tabbata, to a rubuta. Mai kare ya sa hannu a takardar da ke cewa nasa ne, kuma ya miƙa shi ga ƙungiya har abada. A karɓi katin rigakafi, da sunan asibitin da yake zuwa, da izinin karɓo tarihin jinyarsa. Tun Afrilun 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare a Ingila da Sikotland da Wales 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ya wuce mako takwas, don haka a duba lambar da ke jikinta a tabbatar sunan da ke rajista shi ne na mai miƙawa. Pug kare ne da ake sacewa, kuma a rikicin rabuwar aure ɗaya yakan ba da karen don ya ƙuntata wa ɗayan. Sannan a yi tambayoyin da mai kare ba zai faɗa da kansa ba: ya taɓa suma? Ya taɓa cizo? Yana kwana a zaune? Me yake ci, sau nawa? Ya saba da yara, da kyanwa, da zama shi kaɗai?

Wanda aka tsinta a titi kuwa hukuncinsa daban. Ba naka ba ne don ka tsince shi. A Ingila ana sanar da ƙaramar hukuma, ita ce ke riƙe shi kwana bakwai ko mai shi zai zo, bayan nan ne za a iya ba da shi.

A ɗauko shi a mota mai sanyi, cikin keji mai shan iska, da ruwa a kusa. Kada a bar shi a mota a rufe ko da na minti biyar ne. Jirgin sama ba hanya ba ce, kamfanoni da yawa ma sun daina ɗaukar karnuka masu shafaffiyar fuska a ɗakin kaya saboda mutuwar da suke yi a can.

Gaban likita

Cikin kwana biyun farko ya kamata likitan dabbobi ya gan shi, kuma a roƙi likitan ya fara da numfashi. Akwai gwajin da Jami'ar Kambirij da Kennel Club suka ƙaddamar a 2019: likita ya saurari maƙogwaron karen yana hutawa, a sa shi sassarfa ta minti uku, a sake saurara. Daga nan a ba shi mataki daga 0 zuwa 3. Mai 0 ko 1 zai iya rayuwarsa da kulawa ta yau da kullum. Mai 2 yana buƙatar magani da rage ƙiba, wataƙila da tiyata. Mai 3 yana cikin wahala sosai, tiyatarsa ba ta jira. Wannan mataki shi ne abu mafi amfani da ƙungiya za ta sani game da karen, domin shi ke faɗa mata irin gidan da za ta nema da yawan kuɗin da za ta tara. Mai riƙo ma zai iya lura da alamu a gida: haki bayan 'yar tafiya, amai ko dawo da abinci, kwana a zaune ko da abin wasa a baki don iska ta samu hanya, dasashi ya koma shuɗi-shuɗi, faɗuwa. Tiyatar takan ƙunshi buɗe ƙofofin hanci da rage naman ganɗa. Tana sauƙaƙa numfashi, ba ta mayar da shi kamar na sauran karnuka, kuma kuɗinta a Birtaniya yakan kai dubban fam. Allurar barci ita kanta haɗari ce ga pug, musamman lokacin farfaɗowa, shi ya sa likitoci kan haɗa ayyuka a zama ɗaya: hanci, haƙora, da fiɗiya ko cire mahaifa.

Bayan numfashi sai ido. Ramin idon pug ba shi da zurfi, fatar idon kuma ba ta rufe shi ruf, ga gashin tattarar hanci yana gogarsa. Likita zai ɗiga wani rini ya ga ko akwai gyambo, ya kuma auna hawaye da 'yar takarda don gano bushewar ido, wadda maganinta na har abada ne. Baƙin tabo da ke yaɗuwa daga gefen hanci zuwa tsakiyar ido yana iya rufe gani a hankali. Karen da ke runtse ido ɗaya a kai shi asibiti a ranar, domin gyambon ido na iya hudawa cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuma idon ya fito waje gaba ɗaya, abin da cizon wani kare ko finciko fatar wuya ke jawowa, a rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa a ruga asibiti, kada a yi ƙoƙarin mayar da shi.

Sauran dubawar ba ta da wuya: tattarar fuska da ta wutsiya, kunnuwa, haƙoran da suka hau juna suka ruɓe, ƙuma da kaska da tsutsar ciki, rigakafin da aka tsallake. A kalli tafiyarsa da kyau. Jan ƙafafun baya, farcen da ya goge ta sama, ko sakin kashi ba da saninsa ba, alamu ne na matsalar laka, wadda ta yi yawa a wannan iri. Farfaɗiya a pug mai ƙananan shekaru kuma a ɗauke ta da muhimmanci, akwai wani kumburin ƙwaƙwalwa da aka san su da shi wanda ba a warkewa.

Riƙo kafin gida

Pug ba ya jure zaman keji a gidan karnuka. Haushi da tashin hankali suna sa shi haki, hakin ya kumbura maƙogwaro, kumburin ya ƙara toshe iska. Shi ya sa riƙo a gidan mutum ya fi masa. Mariƙi ya ba shi kusurwa mai shiru, ya ci gaba da ba shi abincin da ya saba kafin a sauya a hankali cikin mako guda, ya raba shi da sauran dabbobin gida har likita ya ce babu abin da zai yaɗa. Kada a tara masa baƙi. Halinsa na gaskiya ba ya fitowa sai bayan makonni, don haka mariƙi ya riƙa rubuta abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Karyar da ta fito daga hannun masu kiwo ita ce ta fi buƙatar haƙuri. Wata ba ta taɓa taka ciyawa ba, ba ta san matakala ba, ba ta san ana fita waje yin fitsari ba, hannu in ya nufo ta sai ta maƙale. Ba a tsawata mata. A riƙa fitar da ita bayan barci da bayan cin abinci, a ba ta ɗan abin daɗi in ta yi a waje. Zama da wani kare mai natsuwa yakan koya mata abin da mutum ba zai iya ba.

Zaɓen sabon gida shi ne wurin da ƙungiya ke nuna ko ta san aikinta. Masu nema sukan yi yawa, musamman in karen ƙarami ne, kuma ba wanda ya riga zuwa ake ba. A je gidan a gani: katanga ba ta da kafa? Akwai inuwa da wuri mai sanyi? Mai gidan haya ya yarda a rubuce? Awa nawa karen zai yi shi kaɗai, tunda pug kare ne mai maƙale wa mutum, kuma manyan ƙungiyoyi suna ba da shawarar kada a wuce awa huɗu? Kowa a gidan ya amince, ko mutum ɗaya ne ke so? Sun san yana zubar da gashi duk shekara? Sai tambayar da ake jin nauyin yi, wadda kuma ta fi sauran: in likita ya ce a kawo fam dubu biyu gobe, daga ina za su fito? A yi ta da ladabi, amma a yi ta. A kuma faɗa musu gaskiyar inshora: ba ta biyan ciwon da aka riga aka gano kafin a shiga, kuma mai arha takan daina biyan ciwo bayan shekara guda, alhali cututtukan pug masu zama ne. Wanda ya ɓoye wa mai karɓa matakin numfashin kare don ya samu ya rabu da shi, zai gan shi ya dawo bayan wata uku ya fi da lalacewa.

Yarjejeniya ta ƙunshi cewa ba za a sayar da shi ba, ba za a ba wani ba, ba za a haɗa shi barbara ba, kuma in zama ya gagara ƙungiya za a mayar wa, ko bayan shekara nawa ne. A karɓi kuɗin karɓa. Wasu na ganin bai dace ba, ni kuwa ina ganin wajibi ne, domin kyauta tana jawo masu neman abin sayarwa, kuma kuɗin ƙaramin kare mai lafiya shi ke biyan maganin tsoho. Tsofaffi da makafi da masu jan ƙafa su ne ke daɗewa ba a nema ba. Ga irinsu akwai tsari mai kyau: su zauna wurin mariƙi har ƙarshen rayuwarsu, ƙungiya na biyan asibiti.

Wanda ya karɓa, ga abin da zai riƙe kullum. Igiya a ɗamarar ƙirji ake ɗaura ta, ba a wuya ba. A goge tattarar fuska da tsumma mai laushi a busar da ita sarai, domin danshi ne ke ruɓar da fata. A auna abinci da sikeli, domin pug ba ya ƙoshi kuma ya iya roƙo da ido, ƙiba kuwa tana ƙara matse masa numfashi fiye da komai. In an shafa gefensa a ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba. Cakulan da inabi da albasa guba ne gare shi. Yawo kuma da sassafe ko bayan faɗuwar rana, gajere-gajere. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki, pug kuwa hanyar hakin ce ta lalace. Wani binciken kwalejin nan ta Landan ya nuna yawancin karnukan da zafi ya kayar motsa jiki ne ya jawo musu, ba mota ba. In ka ga haki ya ƙi tsayawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, to ka fara sanyaya shi kafin ka ɗauki hanya: ka kwarara masa ruwan sanyi a jiki, ka kunna fanka a kansa, kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin yana riƙe zafi, sannan ka kai shi asibiti ko da ya nuna ya farfaɗo.

Tara kuɗi

Kusan duk kuɗin ƙungiyar ceton pug asibiti yake tafiya, kuma ba ya sallama kafin ya zo. Saboda haka gudummawar fam biyar duk wata daga mutum ɗari ta fi babban biki guda a shekara, domin da ita ake iya cewa likita ya fara aiki ba tare da an jira ba. A fara da gina wannan. Sauran hanyoyin duk suna da amfani: gwanjon kayan da mutane suka bayar, sayar da kalanda, tattaki ko gudun da mutum zai yi abokansa su biya, jerin kayan buƙata da mai so zai saya ya aiko. In tattakin na karnuka ne a sa shi a lokacin sanyi, ya zama gajere, da ruwa da inuwa. Ƙuri'ar cin kyauta ta zama ruwan dare a irin waɗannan taruka, amma tana da dokokinta a Birtaniya, ga Musulmi kuma caca ce, gwanjo ya wadatar. Karɓar kuɗi a kan titi yana buƙatar izinin hukuma.

Kuɗin jama'a ba ya shiga asusun mutum ɗaya. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu, a ajiye kowane rasit. A Ingila da Wales, ƙungiyar agajin da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara dole ta yi rajista da hukumar Charity Commission. Akwai kuma tsarin Gift Aid: idan mai bayarwa yana biyan haraji a Birtaniya kuma ya cike 'yar takardar amincewa, ƙungiyar da hukumar haraji ta amince da ita tana karɓo ƙarin fam 25 a kan kowane fam 100. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa suna asarar wannan don kawai sun manta su miƙa takardar.

Roƙon da aka yi don kare guda, a shafuka irin su JustGiving ko GoFundMe, shi ya fi saurin kawo kuɗi, shi ne kuma ya fi saurin kawo rigima. A sa takardar ƙiyasin asibiti, a bayyana ciwon da abin da likita ke sa rai. A rubuta tun farko cewa in kuɗi ya yi rara, ko karen ya mutu kafin tiyata, za a yi amfani da shi wajen jinyar wasu. In ba a rubuta ba, kuɗin da aka tara don wani abu takamaimai ba a karkatar da shi yadda aka ga dama. Bayan tiyata a dawo a faɗa wa mutane abin da ya faru, ko da labarin ba mai daɗi ba ne. A ɓoye sunan tsohon mai karen da unguwarsa. Akwai kuma lokacin da gaskiya ita ce kada a yi roƙon sam: kare ɗan shekara goma sha uku da ciwon da ba ya warkewa ya fi buƙatar maganin rage raɗaɗi da wuri mai laushi a kan tiyata ta uku, kuma kuɗin nan zai iya buɗe hancin karnuka biyu masu sauran shekaru. Likita da mariƙi da shugabannin ƙungiya su yanke wannan tare, kada a bar wa mutum ɗaya nauyinsa.

Akwai wani abu da masu ceto ba su cika son ji ba. Hoton pug sanye da hula, harshe a waje, yana tara kuɗi, amma yana kuma yi wa masu kiwo talla kyauta. Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Birtaniya ta yi ta roƙon kamfanoni tun 2018 su daina amfani da irin waɗannan karnuka a talla, Holan kuwa tun 2019 take aiki da ƙa'idar cewa ba a haɗa barbarar karen da hancinsa bai kai sulusin tsawon kansa ba. Ƙungiyar ceto ba za ta iya ɓoye karnukanta ba, amma za ta iya rubuta gaskiya a ƙarƙashin kowane hoto: matakin numfashinsa, maganin da yake sha, nawa aka kashe.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan Musulmi ne, kuma bayanin malamai a kan ajiye kare sananne ne: an yarda da na farauta da na kiwo da na gadin gona, an yi kashedi a kan wanda ba haka ba. Pug ba ya cikin ukun nan, kuma ba karen da za a ɗaure a tsakar gida ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama da shi a ɗaki ba, kada ya karɓa. Amma shayar da dabba da kai ta asibiti aikin lada ne, labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa kowa ya san shi. Bahaushen da ke Landan ko Manchester zai iya ba da motarsa ranar Asabar, ko ya riƙe littafin kuɗi, ko ya kai rahoton maƙwabcin da ke kiwo a ɓoye.

A gida Najeriya ma pug ya iso, ana tallarsa a intanet a Legas da Abuja. Kawo shi Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 ga ɗaukewar wuta, zalunci ne, kuma ina roƙon kada kowa ya saya. In kuwa wani ya riga ya saya ya gaji, ya faɗo hannunka, to ka fara da allurar haukan kare, domin cutar tana nan a ƙasar kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana haɗa rigakafinta. Ka sa a duba jininsa saboda cututtukan kaska. Ka tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ka tambaya tun da wuri wa ke iya tiyatar hanci da ganɗa. Gidan da za ka ba shi kuma ka je da kanka da tsakar rana, ka tsaya a ɗakin da za a ajiye shi, ka tambaye su me ke kunna fanka in wuta ta ɗauke.